Baba, Wanda Ba Ya Gauraya Wake

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa Baba ya koma ranar wata Talata da hantsi, a bakin rumfarsa ta wake da ke kasuwar Ose Okwodu, a Anaca. Ya auna wa wata mata mudu biyu, ya ƙara mata gyara, sannan ya ce wa maƙwabcinsa mai albasa kansa na juyawa. Kafin a samo abin hawan da zai kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina Fatakwal aka kira ni, ina tsakiyar ɗaukar fasinja a kekena a Borokiri. Na sauke mutane na ba su haƙuri, na kama hanya. Da ƙyar na riski jana'iza bayan la'asar. Yaya, babban ɗansa, wanda ke dillancin shanu a Inugu, ya riga ni isowa, shi ya tsaya a kan komai.

Gidanmu ɗaki biyu ne na haya, ba zai ɗauki jama'a ba. Mata suka zauna wurin Inna a gida, mu maza aka shimfiɗa mana tabarmi a rumfar Baba. Dattawanmu suka riƙa zuwa da gaisuwarsu a tsanake, a zauna, a yi addu'a, a shafa, a tambayi ya haƙuri, a tashi. Matan kasuwa kuwa ba su san wannan tsari ba. Wata dattijuwa 'yar Ibo mai sayar da okpa, wato alalar gurjiya, wadda ta fi shekara ashirin tana saye a wurinsa, ta zo ta zube a bakin rumfa tana kururuwa, hannu biyu a ka. Liman ya sunkuyo ya ce mini a hankali in gaya mata mu ba ma yi wa mamaci haka. Na gaya mata da Ibo, tunda a nan aka haife ni. Ta share fuska da bakin zanenta, ta ce to ni ma in gaya wa Liman mamacin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ban fassara masa ba.

Wani Tibi mai kawo doya ya rantse mini cewa Baba yana jin Tibi. Wata Bayarabiya mai dafa abinci ta ce Yarabancinsa ya fi na 'ya'yanta. Wata mai busasshen kifi daga wajen Uyo ta ce tun da ta zo garin nan babu baƙon da ya taɓa yi mata yarensu sai shi. Na riƙa gyaɗa kai ina cewa haka ne, alhali na san iyakar abin. A kowane yare Baba gaisuwa ya sani, da ƙidaya zuwa goma, da sunayen wake, sai kuma kalma guda: yadda masu yaren ke cewa iri-iri. Da wannan ɗan guzurin ya sa rabin kasuwa suka ɗauka ɗan'uwansu ne ya mutu. Wani tsohon abokinsa mai barkono, bayan ya shafa addu'a, ya dube ni ya ce yanzu kuma wa zai riƙa tare baƙi a hanya yana yi musu jarrabawa. Aka yi 'yar dariya, shi kuma ya juya fuska ya fyace hanci.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma in faɗi abin da ya faru da wakensa a kwana bakwai na farko, domin ban san wata hanyar da ta fi wannan nuna ko wane ne shi ba.

Sai washegarin jana'iza hankalina ya dawo jikina, na dubi rumfar da kyau. Darurrukan Baba goma sha uku, waɗanda kullum suke jere kowanne da irin wakensa, ga su can a kife a lungu, wani cikin wani. A gefensu buhu uku a ɗinke. Na tambayi Yaya ina waken. Ya nuna buhunan da haɓa. Ya ce wuri ake nema na shimfiɗa, ga hadari ya haɗo, sai ya sa 'yan dako suka juye darurrukan da guntayen buhunan da ke ciki wuri guda. Ya ce wake ai wake ne.

Na farke bakin buhu ɗaya na zura hannu. Fari, ja, baƙi, babba, ƙarami, gurjiya da akidi da kanannado, duk sun cakuɗe. Aikin shekara arba'in da wani abu aka rushe kafin a idar da sallar azahar, kuma da kyakkyawar niyya aka yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ce wa Yaya shi da yake gane bokolo da rahaji tun daga nesa, har ya gaya maka garin da aka yi kiwonsu, zai yarda wani ya ce masa sa ai sa ne? Bai ji daɗi ba. Ya ja ni bayan rumfa, inda masu gaisuwa ba za su ji mu ba, ya shimfiɗa mini abin da ya yanke. Bayan sadakar bakwai zai miƙa makullin rumfa ga mai albasan nan na kusa, wanda ya daɗe yana son faɗaɗa wurinsa. Waken a ba masu dafa abinci yadda yake. Inna kuma in ta fita takaba ta koma Inugu wurinsa. Na ce ni zan riƙe rumfar.

"Kai?" in ji shi. "Kai da ka ajiye makullin nan da hannunka ka tafi shekara goma sha biyu?"

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na haɗiye, na ce ya ba ni zuwa ranar bakwai. Ya ce ya ba ni, amma da sharaɗi. In ware waken nan ya koma darurrukansa goma sha uku, in faɗi sunan kowanne, in nuna masa mai sayen kowanne. In ko ɗaya ya rasa mai saye, to ya tabbata tarkace Baba yake tarawa don sha'awa, kuma shi ba zai bar Inna a garin nan ta zauna gadin sha'awa ba. Na amsa. Ban san ta inda zan fara ba, amma na amsa.

Bayan sadakar uku na aro rariya biyu da fayafayai, na zauna. Mai tsintar wake hannunsa ne ke aiki, kansa kuwa ba shi da abin yi sai tunani, ni kuma duk inda na juya tunanin Baba ne.

Da albasa ya fara, kamar yawancin mutanenmu a nan. Ya ce abin da ya fitar da shi daga albasa shi ne ba ta da hira, mai saye ya taɓa, ya taya, ya tafi. Wake kuwa kowace ƙabila da nata, kowace mace da abin da uwarta ta saba dafawa. Yana yawan cewa baƙo ba wake yake nema ba, waken garinsu yake nema. Shi ya sa da ya hango mutum sai ya dubi ɗaurin zanensa ko tsagen fuskarsa, ya jefa masa kalma. In 'yar Ibo ce ya ce ice-ice, in Bayarabiya ce ya ce orishirishi, Tibi ya ce kposo-kposo, mutanen Uyo da Kalaba nsiyo-nsiyo, Bafulatani fere-fere. Wani lokacin ya yi kuskure, a yi masa dariya, ya ce to a gyara masa. Wanda duk ya koya masa sabuwa yana da cikin tafi biyu na wake kyauta. Akwai 'yan iskan da suka gano haka suka riƙa ƙirƙiro masa yaren da babu shi. Sai ya ba su waken, amma ba ya riƙe kalma sai ya ji ta daga bakin mutum na biyu da bai san na farko ba.

Shekarar da Allah ya nufe shi da aikin Hajji, abokan tafiyarsa sun dawo da haƙorin Makka da dardumai. Shi ya dawo da macam-macam daga wani ɗan Indunusiya da suka yi maƙwabtaka a Mina, da mbali-mbali daga wani mai jin Suwahili, da tarah-tarah daga wani Bapakistane, da ceshit-ceshit daga wani Baturke. Inna ta ce an aike shi ibada ya je ya buɗe rumfa. Ya ce ai bai taɓa ganin ranar kasuwa irin Arfa ba, kowace halitta da daronta, kuma Mai ita bai gauraya ba. Ya lura yawancin mutanen duniya sai sun maimaita kalmar sau biyu, kamar yadda mu ma muke cewa iri-iri, kala-kala, daban-daban, ya ce faɗa ɗaya ba ta ɗaukar yawan abin da Allah ya yi. Da aka gaya masa Turawa sau ɗaya suke faɗin tasu, barayati, sai ya ce ya san za a rina, rowa ce. Ya ce gara da Broka, Turancin kasuwa, ta zo ta gyara musu, ta ce difren-difren. Wata Sallah na duba masa a waya na ce mutanen Japan iro-iro suke cewa. Ya yi dariya har da tari, ya ce waɗannan danginmu ne da suka yi ɓatan kai.

Mutane da yawa sun ɗauki abin wasa ne na tsoho. Ni na ga ranar da ya yi amfani. Wata tsohuwa ta sauka daga mota a tashar da ba tata ba, ta ɓace wa jikarta. Ba ta jin Ibo, ba ta jin Broka, tana zaune a ƙasa tun safe tana hawaye, mutane sun kewaye ta kowa na yi mata nasa yaren da ƙarfi, kamar ƙarfin murya ne zai sa ta fahimta. Wani ya ce a kai ta wurin Alhaji mai wake. Baba ya ba ta kujerarsa, ya ba ta ruwa, ya tsuguna a gabanta ya fara jero kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta yi shiru a ta farko, ta biyu, ta biyar. Da ya ce nsiyo-nsiyo sai ta ɗago kai ta kama hannun rigarsa. Nan take ya aika aka kira mai busasshen kifin nan ta Uyo, kafin la'asar tsohuwa tana hannun danginta. Baba ya koma kan awonsa, bai ƙara tayar da zancen ba.

Sai rigimarmu, wadda ba zan tsallake ba ko da ni ne marar gaskiya a ciki. Ina da shekara ashirin da bakwai, da gemuna, ina tsare masa rumfa ya tafi masallaci. Wata mata ta zo tana son ɗan Ila mudu biyar, wanda ya rage huɗu da rabi ne. Na cike mata da ɗan Misra, duk farare ne, na ce wa zai gane. Tukunya ta gane. Ɗaya ya nuna ya dame, ɗayan yana nan da sauransa. Washegari matar ta dawo da samfur a leda. Baba bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya nemo ɗan Ila zalla daga wurin wani, ya auna mudu biyar, ya ɗora mini a ka a gaban 'yan kasuwa, ya ce in bi ta har gida in sauke, in ba ta haƙuri a gaban mijinta. Na ce a ba ɗan dako mana. Ya ce ɗan dako bai gauraya ba.

Na kai. Na dawo na ajiye masa makulli a kan mudu, na tafi Fatakwal, na fara dako a kasuwar Oil Mill kafin na samu keke. Shekara uku tsakanina da shi sai gaisuwar Sallah. Bai ce in dawo ba, ni kuma girman kai bai bar ni na ce ya yafe mini ba. Ran nan sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya ce tunda ina cikin mutanen ruwa, in tambayo masa yadda Kalabari ke cewa iri-iri. Na ce to. Sulhunmu ke nan, ba a ƙara ko kalma ba. Kullum ina ɗaukar Kalabari a keke, kullum ina cewa gobe zan tambaya. Har ya bar duniya ban kai masa ba, kuma wannan abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ranar farko ta tsinta na yi abin kirki a ganina. Rariya ta fitar da ƙanana, gurjiya da girigiri suka fita da kansu don girmansu, akidi baƙi ne ba ya ɓuya. Amma da na iso kan farare da jajaye sai ido ya fara yi mini gizo. Kanannado, ɗan Ila, ɗan Misra da wanda ake kira ayon, in ka ɗauki ɗaya-ɗaya ka san da bambanci, in suka taru a faifai sai su zama abu guda. Zuwa yamma bayana ya ƙage, ban ci rabin buhu ba. Yaya ya zo ya leƙa, ya wuce abinsa.

Rana ta biyu da safe Mama mai okpa ta zo neman gurjiya, don makoki bai hana tukunyarta hawa wuta ba. Ta ga buhunan, ta ga ni, ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce tsautsayi ne. Ta tsaya tana kallon yadda nake tsintar, ta ja tsaki.

"Shif," ta ce. "Yu no sabi dis wok."

Wato in matsa, ban iya aikin nan ba. Ta ture ni gefe, ta gyara ɗaurin zane ta zauna. Ta nuna mini ba da ido kaɗai ake yi ba. A karkata faifai a girgiza, masu santsi su gangaro, masu kaushin fata su tsaya. Ta aika aka kira Bayarabiyar nan mai abinci, ita kuma ta zo da ƙanwarta. Kafin azahar mata bakwai ne a rumfar, kowacce ta ja daro ɗaya gabanta tana tsamo wanda ta saba saye. Bayarabiyar tana gane oloyin da haƙori, ta ɗan ciza ta ce wannan mai zaƙin ne, wancan jan banza ne. Wata matar soja 'yar Filato ta tsince acishuru tas, ta ce a duk garin nan Baba kaɗai ke ajiye mata shi. Wata daga wajen Nsukka ta kwashe fiyofiyo. Suka yi ta musu a kan suna, wannan ta ce kaza ake kiransa, waccan ta ce a garinku dai. Ni kuwa na samo kwali ina rubuta duk sunan da aka faɗa, ina liƙawa a jikin daro, wani daron har suna huɗu. Abin da Baba ya riƙe a ka, ni da na yi boko sai da na haɗa da biro.

Dattawanmu masu zaman makoki suka koma rumfar mai barkono, don wuri ya cika da mata da ƙurar wake. Wani daga cikinsu ya yi ƙorafi cewa bai taɓa ganin makokin da ya koma sussuka ba. Liman, wanda na ɗauka shi zai fi kowa jin haushi, ya ce a ƙyale su, su ma ta'aziyyarsu suke yi da abin da suka iya.

Na yi wa matan tayin ladan aikinsu, Mama ta harare ni har na ji kunya. Kwana uku suna zuwa, kowacce ta ba da awa biyu ko uku ta koma kan sana'arta. Ni kuwa daga buɗe kasuwa zuwa tashinta ban ɗaga ba. Yatsuna suka yi kanta, idona ya yi ja. Na riga na ƙudura ko zan makance sai daron nan goma sha uku sun koma yadda ya bar su.

Rana ta shida da rasuwa, da azahar, buhu na uku ya ƙare. Na kira Yaya. Na bi darurrukan da shi ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin suna, mai sayen kuma tana tsaye ko an san rumfarta. Ya riƙa gyaɗa kai, na ga abin ya fara shigarsa. Muka ƙirga goma sha biyu. Na sha ukun wani ƙaramin wake ne mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo, kusan rabin buhu, wanda duk matan suka riƙa turewa gefe don ba na kowa ba ne. Ni ban san shi ba, ba ya cikin waɗanda na bari lokacin da na tafi. Mama ta ce ta daɗe tana ganinsa a daron ƙarshe, amma ba ta taɓa ganin an auna wa kowa ba. Ta ce ta taɓa karɓar kaɗan ta gwada, ya cinye mata itace bai nuna ba. Na ɗauki samfur na zaga layin masu wake kaf, na je wurin direbobin da ke sauke kaya daga arewa. Babu wanda ya san sunansa, balle mai sayensa.

Yaya bai yi mini dariya ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce na yi ƙoƙari, amma magana magana ce, gobe bayan sadaka zai ba da makulli. Na ce saura mutum ɗaya ban tambaya ba. Ya ce Inna ba ta taɓa zama a rumfa ba, me za ta sani. Na ce duk da haka.

Muka same ta bayan la'asar a kan tabarma, da carbi, cikin mayafin takaba. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari, don haka ni ta duba. Na buɗe tafin hannuna a gabanta na ce ko ta san wannan. Ta ajiye carbin. Ta ɗebi waken ta murza a yatsunta, a karo na farko tun ranar Talata na ga fuskarta ta saki.

Ta ce ɗan zabuwa ne, na ƙauyensu a ƙasar Katsina, shi mahaifinta ke shukawa a bayan gida. Sai an jiƙa shi tun safe, a sa 'yar kanwa, a yi haƙuri da shi. Na tambaye ta yadda aka yi ya zo Anaca. Ta ce shekarar da na tafi ne. Gida ya yi mata faɗi, abinci ya daina shiga, har ta rame. Wata rana ta ce wa Baba ita da za ta sami waken gidansu da ta ci. Bayan sati uku sai ga shi da shi a ƙunshi. Tun daga nan duk Juma'a yake kawo mata mudu.

"Na ce masa kada ya wahalar da kansa saboda ni," in ji Inna. "Ya ce wace wahala, ai na buɗe masa ido ne. Ya ce a duk rumfar babu wanda ya kai shi fita, matan Ibo har rububinsa suke yi, da ƙyar yake ɓoye mini nawa."

Ban iya ɗaga kai ba. Shekara goma sha biyu yana sa a nemo masa buhu daga wani ƙauye, a ɗoro a mota a ƙetare ƙasar nan da shi, ya ba shi daro a cikin jeri, don kada matarsa ta san domin ita kaɗai ake yi. Ramar da ya yi wa magani kuwa ni na jawo ta. Inna ta dube ni, ta ga yadda na yi, ta tambaya ko wani abu ya sami waken ne, ko masu sayen sun gudu tunda mai rumfa ba ya nan.

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai Yaya ya riga ni. Ya yi magana yana kallon ƙasa, kamar yadda ya saba a gabanta.

"Ba su gudu ba, Inna. Mai sayensa na nan."

Da muka fito tsakar gida ya zaro makullin daga aljihu ya sa mini a hannu, ya ce in nemi direban da ke kawo shi tun kafin kaka ta wuce. Ya ce kuɗin motar buhun nan kuma nasa ne duk shekara, kada in sake in yi masa musu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi awonsa kamar yadda ya cika wa mutane nasu. Ya yafe masa kurakuransa, har da wannan magana guda da ya gaya wa Inna, wadda ita kaɗai ce na taɓa sanin ya faɗa ba haka take ba. Na sayar da keke, na kwaso iyalina daga Borokiri. Direban na same shi, wani dattijo ne da ya yi kuka da ya ji rasuwar, buhun bana kuma yana hanya. Inna ba ta karatun boko. Wanda ya karanta wannan ya san gidanmu, ina roƙonsa ya riƙe bakinsa. Jiya Juma'a na kai mata mudunta, ta tambaye ni ya kasuwarsa, na ce da ƙyar na ɓoye mata wannan.